Munduwar Kakata da Abin da Sikeli Ba Ya Aunawa

A ranar Asabar da ta gabata na raka Gwaggona cikin Ikko, wajen kasuwar Balogun, domin sayen sarƙar da za a saka a lefen ɗanta. Da sassafe muka taso daga Agege don gudun cunkoso, amma sai da rana ta take tsaka kafin mu sami zama a shagon mai gwal. Duk sarƙar da Gwaggo ta nuna, sai ya ɗauko ta ya ɗora a kan ƙaramin sikelinsa, ya faɗi giram ɗinta da karat ɗinta, ya ce wannan ta Dubai ce, waccan ta Saudiyya, waccan kuma ƙirar Italiya. Da ta tsayar da wadda take so, tambaya ɗaya ta yi masa: "Alhaji, idan wata rana an dawo da ita, nawa za ta faɗi?" Ya danna na'urar lissafi ya nuna mata, aka yi ciniki, aka biya. Har muka fito babu wanda ya tambayi yadda sarƙar za ta kwanta a wuyan amaryar, ko yadda za ta riƙa motsi idan ta sunkuya gaida surukanta.

Ban ga laifin Gwaggo ba ko kaɗan. Gwal asusun mace ne, kuma duk wadda ta ga yadda darajar naira ta zube a 'yan shekarun nan ta san dalilin da ya sa ake fara tunanin ranar sayarwa tun a ranar saye. Amma na dawo gida da wani abu tokare a ƙirjina, domin na tuna da mundayen Kakata.

Guda huɗu ne, na azurfa, bibbiyu a kowane hannu, kuma tun da na buɗe ido na san ta da su. Masu kauri ne, an murɗa bakinsu, tsufa ya sa sun yi santsi kamar an shafe su da mai. Ta kan ce mana daga kuɗin azurfa aka narka su, kuma daga baya na fahimci cewa tana nufin tsabar nan mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, da shekarar 1780 a jikinta, wadda fatake suka daɗe suna yawo da ita, maƙeran fari kuma suna narkarwa su yi wa mata abin hannu. Mu yaran gidan da kunne muka san mundayen fiye da ido. Daga ƙararsu muke gane ko tankaɗe take yi ko alwala, kuma idan muka ji sun yi shiru gaba ɗaya mun san ta tayar da salla ko kuwa ranta ya ɓaci. Nauyinsu ya koya wa hannunta wani irin motsi na natsuwa, ta yadda ko ruwa za ta miƙo maka sai ka ga kamar wani muhimmin abu take ba ka. Da ta rasu aka cire su domin wanka, matan da suka yi mata sutura sun ce wurin da suka zauna ya yi fari, ya ɗan lotsa, kamar har lokacin tana sanye da su. A wajen rabon gado kuwa an auna uku an sayar, aka raba kuɗin yadda shari'a ta tsara, ɗaya ta faɗo hannun mahaifiyata, daga ita kuma ta zo hannuna.

Wannan farin sawu na hannun Kaka shi ya sa na tsaya cak a ranar da na fara ganin hoton wani aiki na Gijs Bakker, maƙerin kayan ado ɗan ƙasar Holan. A 1973 ya ɗauki siririyar waya ya ɗaure ta tamau a dantsen mutum, aka bar ta na ɗan lokaci, sannan aka cire. Zanen da ta bari a fata shi ne abin adon, ya kuma kira shi adon inuwa. Ba a iya saka shi a akwati, ba a iya gadonsa, kuma bayan 'yan mintuna fata ta koma yadda take. Abin da ya fara zo mini shi ne mutumin nan wasa yake yi da hankalin jama'a. Amma da na tuna abin da matan nan suka gani a hannun Kaka, sai na gane cewa ya kama wata gaskiya da mu ma muka sani, wato cewa rabin abin ado yana ga ƙarfen, ɗaya rabin kuma yana ga abin da ya yi wa jikin da ya ɗauke shi.

Daga nan na shiga bibiyar wannan fanni na ƙirar kayan ado ta zamani, wanda masu shi suke ɗauka a matsayin fasaha mai zaman kanta kamar zane da sassaƙa, ba sana'ar ƙawata masu hali ba. Tushensa na zamani yana cikin shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, musamman a Jamus da Holan da Ingila. A birnin Miyunik, tun 1959 ake yin wani baje koli na shekara-shekara mai suna Schmuck, kalmar da ke nufin kayan ado a Jamusanci, kuma har yau can ne mahaɗar masu wannan aiki daga ko'ina a duniya. A 1967 Bakker da matarsa Emmy van Leersum suka yi abin da ya girgiza fagen a gidan adana fasaha na Stedelijk da ke Amstadam. Maimakon a jera ayyukansu a cikin akwatin gilashi kamar yadda aka saba, sai suka sa mata suka sanya su suka yi ta zagaye a gaban jama'a ana kiɗa. Manyan kwalolin wuya ne na alminiyom da ke rufe kafaɗu, har da abin wuyan da aka yi da bututun hayaƙin murhu. Wadda ta sanya irin wannan ba ta isa ta sunkuyar da kai ko ta waiwaya yadda ta ga dama ba, abin wuyan ne ke gaya mata yadda za ta tsaya. Saƙonsu shi ne cewa ba a gama aikin a kan uwar maƙera, sai an sanya shi, an yi tafiya da shi, wani kuma ya gani ya ji wani abu a ransa. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce kayan ado fasaha ce ta aikatawa da jiki a gaban masu kallo.

Aikin da ya fi zama mini a rai shi ne na Otto Künzli, mutumin Suwizalan da ya koyar a makarantar fasaha ta Miyunik daga 1991 zuwa 2014. A 1980, shekarar da farashin zinariya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba har oza ɗaya ta kai dala 850, ya yi wani abin hannu da baƙar roba, ya cusa dunƙulen zinariya a cikinta ya rufe. Abin da ido ke gani kawai shi ne baƙin zagaye da ɗan kumburi a gefe guda, kamar macijin da ya haɗiye ƙwai. Sunan da ya ba shi yana nufin zinariya tana makantarwa. Wadda ta saya ba ta taɓa ganin zinariyar ba, kuma ba za ta gan ta ba sai ta yanka robar, in kuwa ta yanka to ta kashe aikin. Saboda haka duk lokacin da ta sanya shi ta shiga taro, wani ya tambaye ta mene ne wannan a hannunki, dole ta ce akwai zinariya a ciki, shi kuma dole ya zaɓa ko ya yarda ko ya ƙi. Wannan 'yar muhawara da ke tashi tsakanin mutum biyu ita ce ainihin abin da Künzli ya ƙera, robar da zinariyar sababi ne kawai.

Ban iya kallon wannan baƙar roba ba tare da na tuna Zamfara ba. A 2010 aka gano cewa yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma da likitoci suka bincika sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙo zinariya a cikinsa yana ɗauke da dalma mai yawa, mutane kuma suna kawo shi cikin gida suna dakawa suna niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Sama da yara 400 ne suka rasu, waɗanda suka rayu kuma da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Iyayensu ba mugaye ba ne, talauci ne ya haɗu da tashin farashin zinariya a kasuwannin da ba su taɓa gani ba. Duk amaryar da aka yi wa lefe a cikin waɗannan shekaru ta ji labarin, ni ma na ji, amma ban taɓa ganin wani abin wuya ko abin hannu da aka ƙera a ƙasarmu domin ya sa mai kallo ya tuna da yaran nan ba. Mutumin da ke zaune a Miyunik ya sami hanyar da zai sa zinariya ta tuhumi kanta, mu da abin ya faru a gidanmu muna nan muna tambayar giram da karat. Wannan ya dame ni ƙwarai, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake wannan rubutu.

Künzli yana da wani aikin da ya yi tsakanin 1985 da 1986. Ya sa sanarwa a jarida yana neman zobban aure da aka daina sanyawa, na waɗanda suka rabu da na waɗanda mutuwa ta raba, ya tara guda 48, ya sarƙafa su ya yi sarƙa ɗaya. Zinariya ce zalla, amma wace mace ce za ta iya rataya auren mutane 48 da ya ƙare a wuyanta ta tafi biki? Nauyin da ke hana sanya ta ba irin wanda sikelin Alhajin Balogun zai nuna ba ne.

Sai dai ba na son a fahimce ni da cewa Turawa ne suka gano cewa abin ado yana aiki, mu kuma sai mu je mu koyo. Su sun kai ga wannan fahimta ne ta hanyar tawaye ga manyan shagunan lu'ulu'u na biranensu, mu kuwa a cikinta aka haife mu. A aya ta 31 ta Suratun Nur an hana mata buga ƙafafunsu domin a san abin da suke ɓoyewa na adonsu. Duk wanda ya yi tunani a kan wannan umarni zai ga cewa an gina shi ne a kan sanin cewa abin ƙafa yana magana ko da ido bai gan shi ba, kuma tafiyar mai shi ce ke ba shi murya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, gwal ɗin da mace ta tanada domin sanyawa ba a fitar masa da zakka, amma wanda aka ajiye domin kasuwanci ko tara dukiya ana fitarwa idan ya kai nisabi, alhali ƙarfen ɗaya ne kuma nauyin ɗaya ne, abin da ake yi da shi ne ya bambanta hukuncinsa. Mace mai takaba tana ajiye 'yan kunne da sarƙa da awarwaro har wata huɗu da kwana goma, kuma duk wadda ta shigo gidan ta ga wuyan nan da kunnen nan babu komai ta san halin da ake ciki ba sai an gaya mata ba. Ranar da ta fita takaba ta mayar da su, kowa ya san an buɗe sabon shafi. Jigida kuwa ba a yi ta domin idon jama'a ba sam, mai kallonta mutum ɗaya ne. Masu rawar Koroso suna ɗaura akayau a ƙafa, kuma idan aka cire shi rabin kiɗan ya tafi.

Ko ranar kai lefe ma, idan aka lura, taro ne mai tsari irin na wasan dandali. Ana shimfiɗa tabarma, dangin ango a gefe guda, na amarya a ɗaya gefen, ana buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa ta san cewa ana jiran lokacin da za a ɗaga ƙaramin akwatin gwal. Wadda ke buɗawa ta san yadda za ta ɗan jinkirta, ta ɗaga sarƙar sama ta juya ta ga haske, sannan a rangaɗa guɗa. A wannan lokacin sarƙar tana faɗin abubuwa da yawa a madadin mutanen da kunya ta hana su faɗa da baki.

Zaman Legas ya ƙara buɗe mini ido a kan wannan, domin maƙwabtanmu ma haka abin yake a wurinsu. Kambin sarautar Yarbawa na duwatsu yana da labulen ƙananan duwatsu da ke sauka ya rufe fuskar sarki, ta yadda wanda ya zo gaisuwa ba fuskar wani mutum da ya sani yake kallo ba, sarautar kanta yake fuskanta. Oban Bini idan ya fito cikin cikakkiyar shigarsa ta murjani, daga hula har riga, sai ka ga mutum biyu suna tallafe da hannayensa, tafiyar kuma ta zama a hankali kamar ba ta ɗan Adam ba. A 1983 wata 'yar Ingila, Caroline Broadhead, ta saƙa wani abin wuya da zaren nailan irin na fatsa, wanda idan an ja shi sama yake miƙewa ya rufe fuskar mai shi baki ɗaya, tana ganin mutane ta cikin saƙar, su kuma suna ganinta dishi-dishi. Aiki ne mai kyau, kuma ya cancanci yabon da ake yi masa. Amma ni da na taɓa ganin amarya a lulluɓe ana jiran a yi sayen baki, na kuma ga kambin Yarbawa da idona, ban ji kamar baƙon abu nake kallo ba.

To mene ne suke da shi da ba mu da shi? A ganina abu ɗaya ne. A wurinmu al'ada ce ke rubuta abin da kayan ado za su faɗa, kuma abin da suka faɗa bara shi za su faɗa bana: wannan amarya ce, wannan sarki ne, wannan gidan akwai hali. Maƙeri ba shi da ta cewa, aikinsa ya maimaita abin da ya gada da kyau. Su kuwa sun ba maƙeri damar ya yi tasa tambayar, ya ɗora ta a jikin wanda ya yarda ya ɗauka, ta shiga kasuwa da ofis da gidan biki. Zanen da ke rataye a bango sai wanda ya shiga ɗakin ne zai gan shi, amma abin da ke maƙale a ƙirjin mutum yana hawa motar haya tare da shi.

Ba duk abin da aka yi da sunan wannan 'yanci ne nake karɓa ba. A 1975 Peter Skubic na ƙasar Ostiriya ya sa likita ya tsaga fatar hannunsa aka dasa masa wani ɗan ƙarfe mara tsatsa, ya zauna da shi har 1982 sannan aka cire, daga baya ya saka shi a cikin zobe. Na fahimci tambayar da yake yi, wato ko abin da ba a gani zai iya zama ado. Amma jiki amana ne, kuma ban yarda cewa tambaya irin wannan ta kai a zubar mata da jini ba, balle ga shi mai jigida ta riga ta amsa ta ba tare da wuƙa ba. Na fi jin daɗin abin da Ted Noten na Holan ya yi a 1998, inda ya riƙa ba mutane cingam su tauna su mayar masa, shi kuma ya yi zubin siffar da haƙoransu suka bari da azurfa ko zinariya, ya mayar musu a matsayin abin maƙalawa a riga. Wasu za su ji ƙyanƙyami, amma ya sa mai saye ya zama abokin ƙira, kuma babu guda biyu da suka yi kama. Haka ma Yuka Oyama, 'yar Japan da ta yi karatu a Miyunik, wadda a 2002 ta fara zaunar da mutum a kujera a bainar jama'a, ta tambaye shi abin da yake so, ta haɗa masa ado nan take a jikinsa da tarkacen da aka zubar. Wannan ya tuna mini da zaman mai kitso da na mai lalle, inda hirar da ake yi tana cikin aikin.

Akwai kuma wata matsala da ke cikin fannin kansa, wadda ban ga amfanin ɓoye ta ba. Mafi yawan waɗannan ayyuka a hoto muka san su, ni ma a allon waya na gan su. Abin da aka ce ba ya cika sai a jiki mai motsi ya koma hoto a tsaye, ko ya koma cikin akwatin gilashin da aka yi wa tawaye tun 1967, inda ba mai taɓa shi sai ma'aikacin da ya sa safar hannu. Masu sanya su kuma tsiraru ne da suka san juna, suna haɗuwa a Miyunik duk shekara suna fahimtar juna. A wannan gefen mundayen Kaka sun fi su sa'a, domin sun yi shekaru fiye da hamsin suna aiki kullum a gaban masu kallon da suka iya karanta su.

Legas ba ta rasa masu fasahar aikatawa da jiki ba. A 2013 Wura-Natasha Ogunji ta fito kan titunan birnin nan tare da wasu mata, fuskokinsu a rufe, kowace an ɗaura mata jarkokin ruwa a idon sawu tana jan su a ƙasa, kuma sunan aikin tambaya ce: shin zan ci gaba da ɗaukar ruwa bayan na mutu? Ita ba maƙeriyar kayan ado ba ce, kuma ba ta kira jarkokin nan ado ba. Amma ni da na san wurin da abin ƙafa ke zama a jikin mace, na ga ta ɗaura wahalar mata a daidai inda aka saba ɗaura musu ƙawa, kuma ƙarar jarka a kan kwalta ta maye gurbin ƙarar azurfa. Akwai Jelili Atiku na Ejigbo da ya daɗe yana irin wannan fasaha a kan titi, akwai cibiyar fasahar zamani da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007, ga kuma baje kolin ART X da ake yi tun 2016. Fagen a buɗe yake. Abin da ban gani ba a duk zagayen da nake yi a irin waɗannan wurare shi ne maƙerinmu na fari a tsaye kusa da aikinsa, sunansa a rubuce a bango, yana bayanin abin da yake nufi. Maƙeranmu suna can a rumfunan kasuwa, ana kiran aikinsu kayan tsaraba.

Ɗaya daga cikinsu wani dattijo ne Buzu, mutumin Agadas, da ke da 'yar rumfa a kasuwar kayan gargajiya ta Lekki. Yana ƙera zobba da 'yan kunne da abin wuyan nan na Agadas da baƙi ke so, kuma na daɗe ina tsayawa wurinsa mu gaisa. Bayan dawowarmu daga Balogun na ɗauki munduwar Kaka na kai masa. Kafin na tafi na yi tunanin in sa a yi mini wani abu irin na Bakker ko na Künzli, amma na tuna cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma abin da ke damuna ba shi ne ya dame su ba. Abin da ke damuna shi ne munduwar nan ta yi shiru. Tun ranar da aka raba ta da 'yan uwanta ba ta sake yin ƙara ba, domin munduwa ɗaya ba ta da abin da za ta buga.

Na nuna masa hoton adon inuwa a wayata, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini hannunsa na dama ya nuna mini kantar da masaba ta yi masa a tafi. Ya ce, "Hajiya, ai ni ma ina da irinsa, shekara arba'in ke nan bai goge ba." Daga nan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, so nake ka ƙera mini 'yar uwarta, amma ba ni zan sanya ta ba. Ƙanwata da ke aure a Kano zan ba, ita ta sa ɗaya a hannun dama, ni ma in sa ɗaya a hannun dama. Kowaccenmu tata za ta zauna shiru duk tsawon shekara, sai ranar da muka haɗu muka kama hannun juna." Ya tambaye ni ko so nake ta yi kama da tsohuwar sak, na ce masa ba kamar ido nake nema ba, so nake idan sun haɗu su yi irin ƙarar da muka sani muna yara, kuma na bar masa sauran ya yi yadda ya gani, ya kuma buga alamarsa a ciki domin a san wanda ya yi.

Bai ɗora ta a kan sikeli ba sai daga baya, da muka zo maganar kuɗin azurfa. Abin da ya fara yi shi ne ya rataye ta a zare, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da bakin awartaki, ya kai kunnensa kusa ya saurara har sautin ya mutu, sannan ya sake ƙwanƙwasawa. Ya ce tsohuwar azurfa ce mai taushin murya, kuma sai ya gwada haɗi biyu ko uku kafin ya sami wadda za ta amsa mata. Ya ce in dawo bayan Juma'a biyu. Bikin ɗan Gwaggo saura wata ɗaya, kuma ƙanwata ta riga ta aiko cewa tana tafe.